Tayin da Ba a Maimaita Ba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Makarantarmu za ta yi wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a Disamba. Na barkwanci ne, da kiɗan jaz. Labarin wani gidan rawa ne a unguwar Harlem lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sukari ya yi wuya, mai gidan yana ɓoye nasa cikin ganga, mawaƙiyar gidan kuma tana jiran mai busa ƙaho da ya tafi fagen daga. Ƙawata Efua ta rubuta sunana a takardar gwaji ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi mata faɗa. Amma ban goge ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi gwajin. Na rufe ido kamar yadda nake yi a ƙungiyar mawaƙan coci. Da na buɗe, mai kaɗa fiyano ya ɗauke hannuwansa yana kallona.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Malamar wasan ta tsayar da ni a bakin aji. Ta ce, "Alisabatu, kina so ki fito a mawaƙiyar?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Malama, akwai waɗanda suka fi ni."

Sai na tsaya ina jira ta sake tambaya. Haka ake yi a gidanmu. Ko da yunwa Kawu Yafet ya taso daga aiki, sai Mama ta yi masa tayin tuwo sau uku kafin ya wanke hannu.

Malama ta ce, "Na fahimta, ba zan matsa miki ba." Ta yi murmushi ta wuce. Ina tsaye har aka kaɗa ƙararrawa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Efua aka ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na faɗa a gida. Mama ta ce na kyauta, 'yar mutunci ba ta rarumar abu. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Tayin ƙasar nan ƙofar jirgin ƙasa na layin D ne, 'yata. In ta rufe, ta rufe." Mama ta harare shi.

Talata, 22 ga Oktoba

A hanyar gida, kan titin Grand Concourse, Efua ta ce, "Ke fa kika ce ba kya so."

"Kin san ba haka nake nufi ba."

"Ni na sani. Ita ba ta sani ba. Je ki gaya mata mana, sarauniyar kunya."

Na ce in na je, ke za a karɓe wa. Ta kawar da kai, ta ƙara sauri har muka rabu. Ashe ita ma tana so. Ban taɓa tambayarta ba.

Ba zan je ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An sa ni kula da kayan sawa. Yau na goge shuɗiyar rigar mawaƙiyar. Na kara ta a jikina, sau ɗaya kawai. Sai ka ce don ni aka ɗinka.

Asabar, 14 ga Disamba

An yi wasan da rana. Da gangar ta fashe sukari ya zubo kan takalmin hafsan soja, har Mama sai da ta share hawayen dariya. Ina bayan labule riƙe da hulunan sojoji, ina bin waƙar da leɓe. Efua tana jan numfashi a inda bai kamata ba, amma ba wanda ya lura. Ta yi kyau. Gaskiya ta yi kyau. Da ta ɓata, da ban ji ciwo haka ba, Allah Ya yafe mini.

Litinin, 16 ga Disamba

Muna tattara kaya, Malama ta ɗaga takardun waƙar mawaƙiyar, ta ce ko akwai mai so kafin ta zubar. Ban san lokacin da na ce "Ni" ba, ko rufe baki ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallona kafin ta miƙo.

Takardu ne kawai, har da shatin kofi a jiki. Ba sai Mama ta san sau ɗaya aka tambaya ba.