'Yata a Cikin Masu Ƙin Haraji

Litinin, 7 ga Afrilu

Makka, Jidda, Makka. Na kai masu umara filin jirgi, na dawo da bas babu kowa. Ummi, mahaifiyata, ta ci rabin gurasar tamis, hannun damanta har yanzu ba ya ɗaguwa. Ƙanwata Ramlatu ta ce da sauƙi. Ni ban ga sauƙi ba, ban ga tsanani ba.

'Yata Hanan ta kira daga Amurka. Ta ce maganar tana nan, da ta gama sakandare za ta zo, bayan Hajji. Zuwanta na farko kenan. Ummi ba ta taɓa riƙe hannun jikarta ba, sai gani a waya, kuma kullum da safe sai ta tambaye ni saura yaushe. Na ce wa Hanan madalla. Ta ce, Baba, ka fi haka murna mana. Na ce ina murna.

Da Hausa nake wannan rubutu, da baƙaƙen boko. Mutanen gidan nan Larabci suke karantawa, Hanan kuma Turanci. Ba mai leƙa min.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shafin Intanet na tsohuwar ƙungiyarmu ta direbobin bas a Amurka ya ɗauki zafi. Za a kaɗa ƙuri'a kan ƙarin harajin gidaje a birnin da na bari, don a sayi sababbin bas a gyara makarantu. Ƙungiya na so. Masu ra'ayin riƙau sun ce ko anini, kuma za su fito zanga-zanga.

Da can ni ne a gaba in suka fito. Lasifika a hannu, su a wancan tsallaken titi da tutocinsu, mu a wannan, a yini ana musayar baƙar magana. Har yau ina ganin mu ke da gaskiya. Na san matan da ke tsayuwa cikin ƙanƙara suna jiran bas don su je goge daɓe a asibiti, ni nake ɗaukarsu. Amma tun da matata Beth ta rasu, na baro Hanan ta ƙarasa karatu na dawo jinyar Ummi, abin ya zame min kamar rediyon maƙwabci. Ina ji, ba na saurare. Duk abin da suka saka a shafin sai in danna alamar dariya in wuce, don dai su san ina raye.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ba komai. Na wanke bas.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau suke fitowa can. Na san surukina Gordon zai je, ko da rarrafe ne. Mahaifin Beth, a gidansa Hanan take. Tuta a ƙofar gida, bindiga a bayan mota, rediyo na ta kururuwa a kan gwamnati da baƙin haure tun safe. Bai zo ɗaurin aurenmu ba. Shekara da shekaru bai kira ni Majid ba, sai "direba". Ni ma ban taɓa raga masa ba.

Nan ma mijin Ramlatu ya zo cin abinci ya cika mu da kukan dariba, wai harajin kaya ya kori masu saye daga kantinsa na Utaibiyya. Kalmominsa sak na Gordon, Larabci kawai ya raba su. Da a da ne, da mun kwana muna musu. Na miƙa masa shayi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Shafi ya cika da hotunan jiya. Tsofaffi da huluna, kwalaye da rubutun da ba a iya ba, wani ya yi shigar sojan zamanin da. Mutanenmu sun samu abin yi. Wannan ya ce jakai, wancan ya ce ba su da haƙori balle hankali, wata ta ce a bari su mutu a huta. Ina zaune a bas ina jiran fasinja a Ka'akiyya, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa. Ban buɗe ko ɗaya ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hanan ta turo hoto. Ba sallama, ba kalma.

Ɗaya daga cikin na jiya ne. Yarinya baƙa da ɗankwali a tsakiyar fararen tsofaffi, riƙe da kwali mai cewa a bar musu gidajensu. Wani sabon yaro a ƙungiya ya rubuta a sama: "Nawa suka biya suka yi hayar wannan?" A ƙasa an ce mata baiwar gida, an ce 'yar ado, an ce wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Hanan ta zagaye wuri ɗaya da jan layi. Sunana ne, da fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Koriyar kwat ɗin Beth ce a jikinta. Ni na saya. Hannun da ke kafaɗarta na Gordon ne, na san zoben.

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na je na yi sallar la'asar, na dawo na ba Ummi magani. Ina ta jiran in ji wani abu.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na cire alamar. Kamar wanda ya zubar da miya a tabarma ya ɗora filo a kai.

Na rubuta mata cewa ban duba ba ne. Ta karanta.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ummi ta tambaya me ya sa yarinyar ba ta kira ranar Lahadi ba. Na ce jarrabawa. Ramlatu ta bi ni har tsakar gida ta ce ba a yi mata wannan, me na yi wa yarinya? Na nuna mata. Ta sa na fassara mata komai, har zagin. Ta daɗe tana kallon wayar.

Ta ce, "Yaya, kai yanzu 'yarka ma ba ka ganewa?"

Na ce hoton ƙarami ne. Ta ce ba hoton ne ƙarami ba, tun da na dawo ba na kallon kowa, ko Ummi bakinta kawai nake kallo in zan ba ta magani. Ta yi ta faɗa da Larabci, wanda ta fi iya faɗa da shi. Ban musa ba. Ba ni da ƙarfin musu.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Loretta ta kira, shugabar reshenmu. Mutuniyar kirki, ita ta riƙa kawo mana abinci lokacin jinyar Beth. Sai jiya ta ga hoton ta gane Hanan. Ta ba da haƙuri, ta ce za ta sa a goge a shiru, ba wanda zai san 'yar waye. Sai ta ƙara da cewa dole in fitar da yarinyar daga gidan can, tsohon nan ya wanke mata kai, kuma mutanen nan ba sa jin magana sai an kunyata su.

Na tambaye ta, da ba 'yata ba ce fa, za a goge? Ta ce Majid, ka san yadda abin yake, ƙuri'a ta matso.

Na sani. Ni ma na rubuta irinsa a kan 'ya'yan wasu, kuma an tafa min. Na ce mata kar ta goge tukuna. Ban san dalilina ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Lahadi ta biyu ba kira. An tsayar da umara, gari ya ɗan sarara kafin alhazai su cika shi. Kamfani ya kai mu mu zaga hanyar Arfa zuwa Muzdalifa, wai don sababbin direbobi. Fili fetal, fitilu a tsaye, ba kowa sai masu shara. Na yi tuƙi daidai.

Ummi ta sa Ramlatu ta fito da awarwaron da ta ajiye wa Hanan, a goge. Tana ta juya su da hannun hagu.

Laraba, 30 ga Afrilu

Hanan ta rubuto, layi biyu. Ba ta jin za ta zo bana. In gaishe da Sitti, haka take kiran Ummi.

Ban gaya wa Ummi ba. Na ci abinci, na ma ƙara.

Juma'a, 2 ga Mayu

Bayan la'asar na kira wayar gidan Gordon. Can safiya ce. Rabon da in kira lambar nan da kaina tun ranar jana'iza.

Shi ya ɗauka. Ya ce, direba. Na ce ina son magana da 'yata. Ya ce ta tafi makaranta, kuma ko tana nan ba zai tilasta mata ba. Rediyon nan nasa na ta yi a baya. Na ce masa shi ya ja ta cikin wannan hauka, ya tsayar da marainiya a gaban kyamara don a ce su ba masu wariya ba ne. Na ɗaga murya har Ramlatu ta leƙo. Rabon da in ji muryata haka an daɗe.

Ya bari na gama. Ya ce shi bai gayyace ta ba. Gwiwarsa ta hana shi tuƙi, ita ta kai shi, da tsayuwa ta gagare shi ta karɓi kwalin don ya kama sanda ya dafa ta. Ya ce in aka ƙara harajin nan fanshonsa ba zai riƙe gidan ba, kuma a ɗakin uwarta take kwana, ta san haka. Na ce makarantar da take zuwa da me aka gina ta, da addu'a? Ya ce ga shi nan, an fara. Muka yi ta yi kamar da.

Can ya rage rediyon. Ya ce ranar da ta ga hoton ba ta yi kuka don zagin ba, ta ce ta saba, wasu daga cikin mutanensa sun faɗa mata abin da ya fi haka a kan ɗankwalinta, har ya daina gaisawa da biyu a cocinsu. Sunana ne ya sa ta kuka.

"Zancenka kaɗai take yi wa mutane da alfahari," in ji shi. "Ni har na gaji da ji."

Ya kashe wayar ba sallama, yadda ya saba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na rubuta a ƙarƙashin hoton, da cikakken sunana. Na ce wannan 'yata ce, sunanta Hanan, ba a yi hayarta ba, kakanta ta raka, kwat ɗin ta mahaifiyarta ce. Na ce har gobe ina goyon bayan harajin, kuma ni ma na yi mata dariya tare da ku.

Wasu sun goge nasu. Wasu sun ba da haƙuri. Ɗaya ya ce to sai me, 'yar direba ma tana iya zama wawiya. Wata ta ce zaman Saudiyya ya canza ni. Loretta ta turo alamar zuciya, can kuma ta tambaya ko yanzu za a iya gogewa.

Talata, 6 ga Mayu

Ta kira. Ba ta kunna kyamara ba.

Na fara cewa na san raka shi kawai ta yi, ba ra'ayinta ba ne. Ta katse ni.

"In kuma ra'ayina ne fa, Baba?"

Na buɗe baki, duk hujjojin nan na shekaru suna nan a jere, matan asibiti, ƙanƙara, makarantu. Na ce, to sai mu yi musu in kin zo, ga mijin gwaggonki ma zai taya ki. Ta yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ba ce. Ta ce ba ta ce za ta zo ba. Na ce na ji.

Ta ce ita ma ba ta san ra'ayinta ba. Ta dai san duk azumin nan Gordon ne ke tashinta sahur, yana gunaguni yana soya mata ƙwai, kuma ta san bas ɗin da take shiga ya tsufa har ruwa yake zuba. Ta nemi Sitti. Na kai wa Ummi wayar na fita.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ummi ta ji Ramlatu na zancen hoto, ta ce sai an wanko mata. Na je shagon hoto na sa yaron ya yanke kwalin da tsofaffin, ya bar fuskar da kwat. Ya fito da wasu yatsu huɗu a kafaɗarta ba mai su. Ummi ta kawo shi kusa da ido ta ce, ya waladi, ɗana, hannun wa aka sare?

Na ce na kakanta ne. Ta ce to ina sauransa?

Lahadi, 11 ga Mayu

Alhazai sun fara cika gari, gobe za mu koma aikin ba dare ba rana. An kaɗa ƙuri'a can, ban duba sakamako ba tukuna. Hanan ta kira da kyamara, ta tambaya wane irin zafi ake yi a ƙarshen Yuni. Tambaya ce kawai, ban ɗora komai a kai ba.

Na koma shagon na sa an wanko hoton gaba ɗaya. Ba don komai ba, wancan ya yi muni ne. Ummi ta sa an jingina shi kusa da awarwaro. Ta tambayi abin da aka rubuta a kwalin, na fassara mata, ta ce Allah ya bar wa kowa gidansa. Na bar ta a haka. Ta daɗe tana kallon Gordon ta ce tsohon nan ƙafa na damunsa, dubi yadda ya dafa yarinyar, in aika masa da man da ake shafa mata.

Na saya. Yana cikin aljihun bas, sai in an samu mai komawa can.