Zauren Gidana Na Masu Zaman Laraba Ne

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Bushra 'yar Malam Gambo, innarku, a gidan da na gada a Aliero. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini wuya, amma hankalina garau yake. Da hannuna na rubuta. Sai da na aurar da Fadila na shiga ajin yaƙi da jahilci, in kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri. Liman Ya'ƙub da Maigari sun shaida.

Na ɗaya. Gonar albasa ta Sabiyal da ɗakunan cikin gida, malamai su raba muku yadda Allah Ya ce. Rabon Murtala a sa masa a hannunsa. Kada wani ya ce zai riƙe masa.

Na biyu. Liman ya ce ba a yi wa magaji wasiyya, amma ina da iko da sulusin abin da na bari. An duba, zaure bai kai sulusi ba. To na ba da shi saboda Allah ga mutanen da ke zama da Murtala kowace Laraba bayan la'asar.

Ladan, kai ne babba, na san kana so ka zuba albasa a ciki. Na kuma ji ka ce gidanmu ya zama matattarar mashaya. Ka saurare ni. Ƙanenka ya koyi giya wajen bin motar albasa zuwa kudu, ya yi shekara goma sha ɗaya a ciki. Ni na riƙa ɓoyewa, ina ce wa mutane ciwon shawara ke damunsa. Na ba shi rubutu, na kulle shi a ɗaki. Ni ce na yarda aka kai shi inda aka sa masa mari, tabon yana nan a ƙafarsa. Murtala, ka yafe mini. Duk bai hana ba, sai da Ɗanasabe mahauci ya zo daga Jega, shi da ya sha shekara ashirin ya bari. Bai yi masa wa'azi ba, labarin kansa ya ba shi. Daga nan suka fara zaman Laraba, yanzu su tara ne, duk masu fama da barin giya. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba mai yi wa wani dariya, su yi magariba tare su watse. Murtala da kansa yake hawa babur zuwa Maiyama ya ɗauko wani direba ya kawo shi zaman. Ranar da ya same shi kwance cikin amai, shi ya wanke shi. Shekara huɗu ke nan da wata biyar Murtala bai sha ba. Ina ƙirgawa.

Na uku, kuma shi ke hana ni sukuni. Ina tsoron ranar rasuwata a kan Murtala. Ku fara gaya wa Ɗanasabe kafin ku gaya masa. In Laraba ta faɗo cikin zaman makoki, masu gaisuwa su koma ƙarƙashin dalbejiya, a bar musu zaurensu. In kuwa ya koma sha, Allah Ya kiyaye, kada ku ɗaure shi, kada ku ɓoye kamar yadda na yi. Ku kira mutanensa.

Na huɗu. Fadila, tun ranar sunan ɗanki da Murtala ya shigo a buge ya kunyata ki gaban dangin mijinki, ba ki taka gidansa ba. Sau biyu ya je neman gafara kika ce ba kya nan. An ɓata miki, na sani. Ki je, ki ci abincin Sumayya matarsa. Ita kuma keken ɗinkina nata ne, ta zauna lokacin da ni ma na ce ta tafi.

Na biyar. Ladan da Murtala su shiga kabari su sa ni tare. Hannun Murtala ya daina rawa tun da ya bar giya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuri'arku. Na yafe muku duka. Ku uku na haifa, kada in bar ku ku zama biyu.