Gawo Bakwai na Gonar Jama'a

Assalamu alaikum Baba,

Cikinmu biyu wa ka bar wa gonarka ta ƙauyen Jama'a, mai takarda ko mai fartanya? Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma boko bai dame ka ba. Amma sai na faɗa.

Inna tana lafiya, sai ciwon ƙafar nan. Gero ya yi kyau bana. Maganar Yaya Sabi'u ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ka ce ɗa ɗaya za ka iya riƙewa a makaranta? Shi ka zaɓa. Ni na koyi karatu a tsofaffin jaridun da ake ƙunshe ƙosai a tashar Gwarzo. Ban taɓa gaya maka ba, duk littafin da ya zo da shi hutu sai na ɗauke na karanta a bayan rumbu, ina ji kamar in yayyaga.

Yanzu malami ne a Kano, yana koyar da kasuwanci. Wai sabon darasi suka shigo da shi, yadda ɗan kasuwa zai ci riba bai kashe ƙasa ba, bai zalunci mutane ba. Ranar Asabar ya ciko bas da ɗalibai ya kawo su gonarka. Ya tsaya ƙarƙashin gawon nan naka bakwai yana zuba bayani. Wai gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki. Wai bayan girbi a bar shanun makiyayin nan Malam Buba na Masanawa su shiga su ci kara. Wai a bar wa mata kala. Yara suna ta rubutawa. Baba, wa ya koya masa? Yaushe rabonsa da huɗa? Ni da na yi shekara shida ina korar masu gawayi daga itatuwan nan, sai ya nuna ni da baki, ya ce ƙanensa ne mai kula musu da wurin. Ko sunana bai faɗa ba. Aka tafa masa. Na san hassada haramun ce, amma wallahi ta kama ni.

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Sai ga sammacin kotun Shari'a, yana neman a raba gado. Ɓangaren da yake so, inda gawo biyar suke, ya riga ya yi wa mai buga bulo alkawarinsa, don ya tafi Turai ƙaro karatu a kan kare ƙasar noma.

Ranar Alhamis za mu tsaya gaban alƙali a Gwarzo. Haƙƙinsa ne, ba zan hana shi ba. Amma zan tambaye shi a gaban kowa, kuma a gaban kowa nake so ya amsa: abin da ya koya wa 'ya'yan mutane a inuwar nan gaskiya ne, ko na cin jarrabawa ne kawai?

Allah ya kai haske kabarinka, Baba. Ni zan koma ɗaurin dami.

Ɗanka da ka bari a gona,
Ɗanlami