Kofin Ladan

Gafasa,
Ta hannun gidan waya na Gaya,
Laraba, 13 ga Maris, 1974.

Zuwa ga ɗana Maikuɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal, kai da maiɗakinka Hindatu da yara. Allah ya tsare ka a aikin jirgin nan, ya ƙara mana haƙurin rashin mahaifinka, ya haskaka kabarinsa, amin. Mu nan lafiya, sai zafi da ya shigo da wuri. Rijiyar ƙofar gida ta ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya. Geron da ke rumbu, in an lallaɓa, zai kai mu faɗuwar ruwa. Ƙanwarka Hansai tana nan wurina tun ranar da ka koma, mijinta ya bar ta ta taya ni zaman takaba. Ɗanta na goye yana haƙori, ya rame kaɗan, amma yana shan nono. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Za ka ga rubutun nan karkatacce ne, ba irin na malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ba. Ni na rubuta da hannuna, yau kwana uku ke nan ina yi ina gogewa. Shekara uku na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci wurin Malama Barira, matan gari suna cewa tsohuwa ta koma 'yar makaranta, ban san ranar da zai yi mini amfani ba sai yanzu, domin abin da zan faɗa maka ba ya shiga kunnen wani. Ko sunanka na yanka da ke bayan ambulan ni na rubuta. Tun da na haife ka bai taɓa fita daga bakina ba, ga shi yau ya fita daga hannuna. Ka yi haƙuri da kurakurai.

Maganar kofin mahaifinka ce, na gilashin nan mai kauri, mai mariƙi da hoton barewa, wanda duk gari ke kira kofin Ladan. Kana yaro lokacin da Malam ya dawo daga Kano gaba ɗaya, shekara guda bayan samun 'yancin kai, da akwatin ƙarfe a ka. Abin da ya gaya mana, ni da dangi, shi ne shekara goma sha shida yana aikin kicin a wurin Turawa. Ya ba ni farantin nan mai barewa na sa a jerena, ya ajiye kofin da ƙaramar ƙararrawa a ɗakinsa, sauran ya kulle. Bai daɗe ba tsohon ladan ya rasu aka ba shi kiran salla, ya riƙe shekara goma sha biyu, ko yana zazzaɓi bai fasa asuba ba.

Wataƙila ba ka san ni na fara fitar da kofin ba. Baiwa matar maƙwabcinmu Bala ce ta yi kwana biyu tana naƙuda, Liman ya yi mata rubutu, aka zo neman abu mai tsabta da za a wanke allon a ciki. Malam yana gona. Na shiga ɗakinsa na ɗauko kofin don na ga ya fi komai na gidan haske. Ta sha, kafin la'asar ta sauka lafiya. Da ya dawo na ba shi labari ina murna, sai ya zauna a ƙasa da fartanyarsa a hannu, ya tambaye ni ko ni da kaina na bayar. Na ce ni ce. Ya tashi ya shige ɗakinsa. Daga ranar kofin bai huta ba. Mai naƙuda, mai ciwon kai, wanda kunama ta harba, har daga Kademi ana aikowa, wai rubutu ya fi kamawa a cikinsa saboda albarkar mai kiran salla. Bai taɓa hana kowa ba. Amma duk ranar da aka dawo da shi sai ya zauna da toka da ruwa yana wankewa, ya goge da farin ƙyalle, ya ɗaga shi yana duban rana ta cikinsa. Ni na ɗauka tsabtar da ya koya wurin Turawa ce.

Ranar Asabar Baffanka Gwadabe ya aiko cewa in tattara kayan mamaci wuri ɗaya, domin ranar sadakar arba'in, wato Juma'a ta sama, Liman zai raba gado. Na ciro makullin akwatin daga aljihun rigarsa na buɗe, Hansai tana wurin daka. Akwai farar riga mai maɓallan tagulla, da ƙarfen buɗe kwalba, da wasu 'yan faya-fayan takarda masu kauri da ban san amfaninsu ba, duk da barewar nan a jiki. A can ƙasa hoto ne da wasiƙa. A hoton mahaifinka ne cikin farar rigar, a bayan wani dogon teburi, kwalabe jere a bayansa har sama. Farantina ne a hannunsa, da kofuna huɗu irin namu cike da wani abu mai kumfa, ƙararrawar tana rataye kusa da kansa, Turawa sun kewaye shi.

Wasiƙar da Hausa take, daga wani abokin aikinsa mai suna Kabo. Da a shekarun baya ne, da na mayar da ita na rufe akwatin. Na bi ta da yatsa kamar yadda aka koya mana. Yana gaya masa cewa tun da ya bar kulob ɗin, wato gidan shaƙatawar Turawan, ba a sami wanda ya iya zuba giya kamarsa ba, sabon ma'aikacin duk kumfa yake cika wa mutane, kuma tsofaffin Turawan da suka rage suna ta tambayar ina Barau, wato mahaifinka. Na karanta kalmar giyar nan sau uku, ina fata karatuna ne bai nuna ba. A ƙarshe yana tsokanarsa, wai shekara goma sha shida yana zuba wa mutane abin da shi bai taɓa kai wa bakinsa ba, ko ranar da aka yi masa liyafar sallama aka matsa masa, ruwan lemo ya sha.

A nan na yi wauta, ɗana. Na ji motsin Hansai, tsoro ya kama ni, na cusa wasiƙar a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Sai da ta zama toka na tuna ita kaɗai ce shaidar cewa bai sha ba. Yanzu hoton ne ya rage, shi kuwa kwalabe kawai yake nunawa. In maganar ta fita, wa zai yarda da tsohuwar da jiya-jiya ta koyi haɗa baƙi? Kuma ko an yarda, na sha ji a wurin wa'azi cewa mai zubawa da mai ɗauka duk suna cikin laifin.

Ban gama da wannan ba, ranar Litinin Liman ya zo da Baffanka suka tsaya a zaure, Hansai tana kawo mini saƙo. Liman ya ce shi a ganinsa kada a sa kofin cikin rabo. Magada su bar shi sadaka ga masallaci, a ajiye shi a alkukin da ke kusa da inda Malam yake tsayawa, duk wanda ya sha rubutu a ciki lada ta riƙa isa kabarinsa. Baffanka ya amince nan take, Hansai ta shigo tana kukan daɗi. Sauran ni da kai. Na ce a gaya masa sai na shawarci babban ɗa.

To ka ga inda nake. In na ce to, na kai kofin giya cikin ɗakin Allah da sunan mahaifinka, ina sane. In na ce a'a, sai an tambaye ni dalili, a garin da kowa ya sha a cikinsa. Na yi tunanin in gaya wa Liman shi kaɗai, mutum ne mai riƙon amana, amma shi ma shekara goma yana wanke ayoyi a ciki da hannunsa, da wane ido zai ƙara tuna amininsa? Hansai kuwa gidan malamai take aure a Kademi, kuma ka san sun neme ta ne don 'yar Ladan ce. Jiya da hantsi na ɗauki kofin na zaga bayan ɗaki wurin turmi, na ce in sake shi a kan dutsen niƙa in ce suɓucewa ya yi. Na ɗaga shi ke nan na ga inda ƙahon barewar ya goge, daidai wurin da babban yatsansa yake zama. Na kasa. Kuma ba nawa ba ne, naku ne, ina tsoron haƙƙin magada.

Abin da ya fi damuna, me ya sa ya ajiye su? Mutumin da ya tuba ya bar wuri, ai jefar da kayan wurin yake yi. Ka tuna yadda yake kaɗa ƙararrawar nan in an sauke tuwo, yana cewa lokaci ya yi, jama'a, lokaci ya yi, ku kuna dariya? Yanzu da na ga ƙararrawar a hoton, ban san ko in yi dariyar ko in nemi gafara ba. Kuma shi ya saya mini fensir na farko, shi ya ce in je ajin, alhali ya san abin da ke cikin akwatin. Kai ma ina da tambaya. Da ka zo babbar sallar bara na ga ka tsaya gaban jerena, ka juya farantin fuskarsa ta koma bango. Ka sani ne tun tuni? In ka sani, da ka rage mini wannan nauyi.

Ɗantani direba, wanda zai kai takardar nan Gaya, ya gaya wa Hansai cewa wasiƙa takan yi kwana goma sha biyu kafin ta kai Fatakwal. Juma'ar kuwa sauran kwana tara. Na san amsarka ba za ta riske ni ba. Za a aiko a tambaye ni, ni kuma na san kaina, shiru zan yi, su ce kunyar takaba ce, su ɗauka na yarda. Ɗazun nan ma ina tsakiyar rubutu Indo 'yar maƙwabta ta shigo neman kofin, uwarta ba ta da lafiya. Na wanke shi da toka na miƙa mata.

Abu ɗaya na iya. Ba zan bari a shimfiɗa hoton nan a tabarma gaban maza ba, don haka na cire shi daga kayan gado na sa maka a cikin ambulan ɗin nan. In zunubi ne, nawa ne, ka yafe mini rabonka, na Hansai zan san yadda zan roƙe ta. In ka ga ƙonawa ya fi, ka ƙona. Amma ka dube shi da kyau tukuna. Dariya yake yi a ciki, har haƙoransa na gefe sun fito. Shekara talatin da huɗu ina zaune da shi, ban taɓa ganin wannan dariyar ba.

Ka gaishe mini da Hindatu, ka ce na gode da zanen da ta aiko. Ka shafa mini kan Kulu da takwaran Malam. Baffanka Gwadabe da Hansai da Malama Barira duk suna gaishe ka. Ka riƙa yi wa mahaifinka addu'a bayan kowace salla, ka ƙara a kan wadda kake yi da.

Ni ce mahaifiyarka,
Gaji.