Kujerar Abba a Jirgi

Auta,

Na wuce aiki, barcinki ya yi nauyi ban tashe ki ba.

Jiya kina wajen tela mai yanka mana tikitin jirgi ya kira kan tafiyarmu ta dogon hutu. Ya ce, "Kujera huɗu ce, ko?" Na ce masa e. Sai da na ajiye wayar na tuna mun koma uku.

Na sake duba takardar wuraren bikinki da za mu je gani a ƙasar angonki. Duk biyar ɗin babu mai matakala, saboda gwiwar Abba, Allah ya ji ƙansa. Na bakin ruwan nan mai bene da kika nace a kai, yanzu babu abin da zai hana. Ki ƙara shi, ki yafe min faɗan da na yi miki a kansa.

Takardar tana ƙarƙashin filas. Kar Umma ta gani, akwai rubutun Abba a gefe.

Don Allah ki kira mai tikitin kafin azahar ki gyara. Sau biyu ina ɗaukar waya, bakina ya ƙi cewa uku.

Yayarki