Shinkafar Saniya a Babban Dare

Tsibirin Goto, cikin sanyi, shekarar farko ta mulkin Sarki Meiji

Zuwa ga jikana Jinkichi, a Nagasaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya sanyin birni, yaya tarin nan naka? Yaya Fada, limamin nan naka, da karatun addinin da yake ta ɗurawa a wannan kan naka mai kama da kabewa? Mu nan muna lafiya, godiya ga Ubangiji. Ka yi haƙuri da rubutuna, na san kamar ƙaguwa ce ta bi ta kan takardar.

Matarka Sada tana gaishe ka. Cikinta ya sauko, ko yau ko gobe. Ni ke ɗaura mata takalmi, ni da ya kamata a ce ana ɗaura mini. Kai kuwa ka yi aikinka ka haye kwale-kwale.

Tun da ka gudu, dakarun hakimi sunanta suke kira. Sun ce in an kama matar wanda ya tafi wurin limaman Turawa, mijin zai dawo da ƙafarsa. Mun ce musu teku ta cinye ta wajen tsintar ciyawar ruwa. Tana nan a ɗakin Mame, saniyarmu, bayan tulin ciyawa. A tsibirin da ke kallonmu sun cusa 'yan'uwanmu a ɗaki guda har ba wurin zama, yara suna mutuwa a tsaye. Masu ciki ma ba a ƙyale su ba.

Babban Dare, daren Kirsimeti, ya kusa. Tsoho Tatsuzo, mai yi mana baftisma, ya bi gida gida yana cewa bana kada kowa ya ba saniya shinkafa, idanu sun yi yawa. Na ce masa, "Tatsuzo, tsufa ne ya cinye maka haƙora ko tsoro?" Shekara da shekaru muna taka hoton Uwarmu Maryamu a gaban hakimi don kada a gane mu Kiristoci ne, mu dawo gida mu wanke ƙafafu mu sha ruwan muna kuka. Wannan mun yi. Amma daren da ta haihu a ɗakin dabbobi, saniya ce ta hura wa Jariri Yesu numfashinta har ya ji ɗumi. Tun kakanninmu ake share mata ɗaki, a shimfiɗa sabuwar ciyawa, a dafa mata farar shinkafa, mu kuwa mu ci dankali. Wannan kam ba zan bari ba.

Gonroku mai kamun kifi zai kawo maka takardar nan. Ka ba shi shayi, kada ka ba shi giya. Ka riƙa rufe ƙirjinka.

Kakarka mai ƙaunarka,
Tose


Zuwa ga jikana Jinkichi,

Ina gaishe ka gaisuwar Kirsimeti. Ina fatan kana lafiya, tarin kuma ya sake ka. A kwance nake rubuta wannan, saboda haka ƙaguwar yau ta sha giya. Nemi wuri ka zauna tukuna.

Na dafa wa Mame shinkafarta. Ashe kowace tsohuwa a ƙauyen nan ta dafa, har matar Tatsuzo, a bayan idonsa. Da safiyar Kirsimeti dakarun suka iso. Ba su nemi carbi ba, ba su nemi gicciye ba. Shugabansu, wani mai tsagaggen leɓe, ɗakunan shanu ya bi yana leƙawa. Ƙauyen da mutanensa rabonsu da farar shinkafa tun bara, ga ta nan manne a bakin shanu. Ya yi dariya ya ce, "Ku ɗaure su."

A ƙofar gidansa suka fasa wa Tatsuzo kai da gindin mashi. Bai sake tashi ba. Sauran maza suka zura su a igiya guda kamar kifi. Ita kuwa Sada tun asuba naƙuda ta kama ta. Na cusa mata tsumma a baki, na rufe ta da ciyawa, na fito tsakar gida na tare su.

Suka durƙusar da ni a kan itatuwa masu kaifi, suka ɗora mini faffaɗan dutse a cinya. Mai leɓen ya ce, "Tsohuwa, ina matar jikanki?" Sai na ji nishi daga ɗakin Mame. To, ka san muryata, daga gida nake kiran kakanka yana tsakiyar teku. Na buɗe ta duka.

"Je ka tambayi kifaye! Wai uwarka ce ta tsaga maka bakin nan don ka daina tsotso?"

Ya ce a ƙara dutse. Na ji ƙashin ƙaurina ya yi ƙas kamar busasshen gora. Na kurma ihu, wannan kam na gaske ne. Duk sanda Sada ta yi nishi sai in zage shi, kowane zagi da dutsensa. Na zagi gemunsa, na zagi takobinsa, na zagi tafiyarsa irin ta agwagwa. Har wani daga cikin dakarun ya juya baya kafaɗunsa na rawa, ya sha mari. Jinina ya jiƙa itacen. Da zagi ya ƙare mini sai na kama addu'ar Maryamu, wadda tun ina yarinya a raɗa nake yin ta. Jinkichi, ashe haka take da daɗi in mutum ya ɗaga murya.

Numfashina ne ya yanke. A cikin shirun nan aka ji wani siririn kuka. Mai leɓen ya ɗaga hannu ya nuna ɗakin saniya.

Mame ta ci ta ƙoshi, ta kwanta ta cika ƙofar. Suka dake ta, ta ƙi tashi. Suka tsokane ta da mashi, ta miƙe ta huda wa ɗaya cinya da ƙaho. Sai suka soke ta a wuya, suka ƙara sokarta, har ta zube a inda take. Jini ya malale bakin ƙofa. Ka san su da mushe: mai takobi ba ya taɓa gawar saniya, ba ya tsallake ta, wai ƙazanta ce. Shugaban ya yi ta zagi, babu wanda ya ɗaga ƙafa, shi ma bai ɗaga ba. Ɗaya ya leƙa daga nesa ya ce ba komai sai ciyawa, ƙila kyanwa ce. Suka ce gobe za su dawo da masu fiɗa su janye ta. Ni kuwa suka hankaɗe ni gefe, a zatonsu na riga na tafi.

Da yamma Gonroku ya dawo daga teku ya ɓalle katakon bayan ɗakin. Sada ta haihu, mace ce. Ta zo da kanka, Allah sarki, kabewa ƙarama. An same ta a ƙirjin uwarta, Sada kuma ta jingina da bayan Mame, da sauran ɗumi a jikin saniyar. Tun da babu Tatsuzo, na sa aka ja ni har can na yi mata baftisma da ruwan shan saniyar. A wurin Ubangiji sunanta Mariya. A bakin mutane Mame za a kira ta, kuma kada ka zo mini da gardama.

Gonroku zai kai su wurinka a daren nan, ya ce akwai wurina a kwale-kwalen. Na ce a'a. Ƙafafun nan sun gama aikinsu, ɗaukata zuwa gaɓa zai ja idanu. Kuma gobe in sun dawo gara su tarar da wadda za ta ɓata musu lokaci, na tuno wasu zagin da ban yi ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. In Babban Dare ya zagayo, ka nemi saniya, ko ta wace ce a Nagasaki, ka dafa mata farar shinkafa, ka riƙe 'yarka kusa da hancinta.

Ka gaishe mini da Fada, ka ce ya sa ni a addu'a, ya kuma roƙa mini gafarar bakina. Yanzu ɗaga kanka daga takardar nan, kabewa, matarka da 'yarka suna bakin ƙofa.

Kakarka har abada,
Tose