Baba Labbo, Ka Dawo A Yi Maka Aikin Ido

Zuwa ga Malam Labbo Direba, wanda ke zaune yanzu a Bilbis, gidan 'yarsa Rabi.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka. Wannan takarda ta fito ne daga ofishin Alhaji Dakta Injiniya, Babban Shugaban Hukumar Sasanta Kakanni da Jikoki ta Ƙasa baki ɗaya, reshen Gusau. Mun sanya ta a fili ne saboda kiran waya ba ka ɗauka. Mun san jikarka Hafsatu ce ke karanta maka, kuma mun umarce ta da ta kai ƙarshe ko da ka ce ta bari.

Malam Labbo, ƙara ta iso gabanmu a kan jikanka Lawwali, wanda ka rena tun rasuwar ubansa. Mun yi bincike. Yaron ba shi da gaskiya ko ta ƙwayar gero. Amma za mu karanta maka abin da muka gano, don ka san hukuma ba barci take ba.

Mun gano cewa duk shekarun da ka yi kana jan babbar mota daga Gusau zuwa Legas, Turancin da ka dawo da shi bai cika cokali ba, kuma rabinsa na faɗa da masu shinge ne. Guda ɗaya ka ajiye don amfanin gida: Don't mind him. Ka ce haka mutanen Kudu ke faɗa in yaro ya yi wauta, wato ƙyale shi, kada ka biye masa.

Da wannan magana ka rena yaron nan. Ranar da ya haɗa takalman masallata ya ɗaure su da zare ɗaya a ƙofar masallaci, ita ka faɗa. Ranar da ya kwaikwayi tarin malaminsu na allo daga bayan zana, yara suka watse da gudu har wani ya zubar da tawada, malam ya biyo shi gida da bulala. Kana zaune a zaure kana ɓare goro. Ka miƙa wa malam rabi, ka faɗa masa Turancin naka, ka fassara masa. Malam ya karɓi goro ya koma, bulala a hammata.

Kuma kai ka koya masa cewa tsakanin kaka da jika babu laifi. Yana kiran matarka Inno amaryarsa, yana kiranka tsoho mai kishi. Kai kuma ka ce: "Wanga yaro, ran da ka iya cika mata bakin goro, zo ka ɗauke ta, ni ma in huta." Ya ɓoye maka hula, ka ɓoye masa tuwo. Kowa a unguwa ya san wasanku ne, al'ada ta ba ku.

Sai yaro ya girma, ya ga Allah ya ba shi bakin kwaikwayo. Muryar duk wanda ya ji sau biyu, ta zama tasa. Shi da abokinsa Anas mai shagon caji suka fara ɗaukar barkwanci a waya. Da aka zo sanya wa shirin suna, na ce, wato ya ce, ai suna yana gida: Turancin nan naka. Anas ne ya rubuta shi da haruffan Turawa, don shi Lawwali bokonsa a jikin waya ya tsince shi.

Kai ma ka ga yadda abin ya tafi. 'Yan acaba suka manna sunan a bayan baburansu. A kasuwar Tsafe, in mai tumatir ya yi wa mace tsada, sai ta juya ga abokiyarta ta faɗa. Wata rana aka kawo maka labarin an ga sunan a jikin motar itace a Bungudu, ka yi dariya har ka ƙware, ka ce ashe Turancinka ya fi ka yawo.

Yanzu mun zo wurin da alƙalamin hukuma ke rawa.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san yanar ido ta fara rufe maka gani. Shi ya gan ka kana miƙa hannu inda buta ba ta nan. Ka kira shi gefe ka ce kada kowa ya ji, ko Inno, don direba ba ya laluben hanya a gaban yaran mota. Kuka yi dabara. Kullum da safe shi ke gaba yana zuba surutu, kai kana baya kana bin muryarsa, har bencinka na gindin dalbejiya a tasha. Mutane na cewa wannan yaro da surutu yake. Ba su san jagora yake yi ba.

Masu kallo suka matsa: a yi wa tsohon mana, shi ya fi kowa ban dariya. Yaron ya ce a ransa, ai kakana ne, abokin wasana ne, wa zai ce don me?

Ya san muryar Alhaji Garba, ubangidanka mai motocin da ka ja, don duk Sallah yana jinku a waya. Ya san tun da Alhaji ya koma Kano ba ku haɗu ba, kuma kullum kana cewa Allah ya sa ku gana kafin ɗayanku ya tafi. Ya san duk wannan, Baba. Ya raka ka benci, ya ce zai je ya dawo. Ya zagaya bayan motocin Tsafe, Anas ya kunna waya kai tsaye, yaron ya tsaya gabanka, ya ari muryar Alhaji ya ce: "Labbo, kana nan da ranka?"

Shi abin da ya zata, za ka ɗan rikice, ka gane, ka jefe shi da carbi.

Ka miƙe kamar saurayi. Ka tuɓe takalmi. Ka durƙusa a ƙasar tasha, cikin baƙin mai, a gaban direbobin da kai ka koya wa riƙon sitiyari. Ka ce: "Ranka ya daɗe, Alhaji, ai da ka aiko na zo." Ka miƙa hannu kana neman nasa, hannun ya sauka a kan ƙafata. Silifas ɗin roba da ka saya mini da kanka. Na ji yatsunka sun tsaya a kan igiyar.

Ba wanda ya yi dariya a wurin. A waya ne aka yi ta.

Isiya direban Bungudu ya shaƙe wuyan rigar yaron, ya ɗaga hannu. Kana durƙushe har lokacin. Ba ka ɗago kai ba, ka faɗi maganar nan taka a hankali, kamar mai roƙo. Isiya ya sake shi. Da ma ya mare shi, Baba. Da ma duk tashar ta taru ta mare shi.

An goge hoton tun ranar, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. Gari duk ya ga Malam Labbo ya durƙusa wa jikansa, gari duk ya san Malam Labbo ba ya gani. Washegari ka fita masallaci kai kaɗai kana dafa bango, yaran lungu suka bi ka suna rera sunan shirin. Maganar da ka yi shekaru kana rufa wa yaro asiri da ita, ita aka jefe ka da ita a ƙofar gidanka. Da hantsi ka sa aka kai ka motar Tsafe. Ko rediyonka ba ka ɗauka ba.

Sai yanzu ya gane wasan kaka da jika na zaure ne. Wanda ya ba jika izinin ɓoye wa kaka hula bai ba shi izinin tuɓe shi a kasuwa ba.

Inno ba ta yi masa faɗa ba. Tana ajiye masa kwano ta juya. Tun ranar bai sake kiranta amarya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

To ga dalilin takarda. Da asiri ya tonu, Inno ta sa ƙanenta ya je asibiti, an ba da ranar Talata mai zuwa don a duba ka a cire yanar, kuma likita ya ce ba a son ta ƙara daɗewa. Gwaggo Rabi ta ce ka rantse ƙafarka ba za ta sake taka Gusau ba. Baba, idonka ne. Kada ka bar shi ya tafi saboda wawa.

Saboda haka hukuma ta yanke hukunci, kuma an riga an zartar. An rufe shirin. An kori yaron zuwa Furfuri, gonar Kawu Sale, yana yankan dawa, hannunsa duk ya yi kanta, kuma bai isa ya yi ƙorafi ba. Da an gama tura wannan takarda, wayar ma za a aika wa Inno ta kulle a akwati. Isiya ya ce ranar Litinin zai zo Bilbis da motarsa ya ɗauko ka, ya sauke ka a ƙofar gida, ba za a bi ta tasha ba. Ba za ka ji muryar yaron a gidan ba, tasa ko ta aro. Ba a ce ka yafe ba. Ka zo kawai a yi aikin. In an kwance bandeji ka ga kana son ganinsa, ka aika. In ba ka so, dawa ba ta ƙare ba, bayanta ma akwai sussuka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a, ya mayar maka da ganinka tangaram. Allah ya sa ka ga fuskar Inno, ka ga Alhaji Garba na gaskiya. Allah ya mayar maka da girman da aka zubar maka, ya shirya wanda ya zubar.

Baba, na san tun layin farko ka gane ni. Babu wata hukuma, babu ofis, a kan kututture nake zaune. Na ji tsoron in Hafsatu ta fara da sunana za ka ce ta kashe wayar, shi ya sa na sake aro bakin wani babba na zo gabanka, kuma sai da na kai tsakiya na ga abin da nake yi. Ka gani, ko ban haƙuri ban iya shi da muryata ba. Amma zan koya.

Ni ne jikanka Lawwali. Ba Alhaji, ba Dakta, ko allon ma ban sauke ba.